Sarauniyar dare: abin da na gani bayan shekara biyu da ita a gidana

Ƙamshinta na fara ji kafin in ganta. Mun je ɗaurin aure Jos muka kwana a gidan wani abokina, bayan isha'i sai harabar gidan ta ɗauki ƙamshi kamar an fasa kwalbar turare. Da gari ya waye na tambaya, aka nuna mini wani ɗan itace a jikin katanga, ganye kore shar, ba shi da wata kwalliya da za ta sa ka waiga. Ina komawa Kaduna na tsaya wajen masu sayar da furanni a bakin titi na kwatanta wa ɗayansu. Ya ce, "Ai Queen of the night kake nufi, Alhaji." Ya miƙo mini dashe a baƙar leda, tsayinsa bai kai gwiwata ba. Abin da ya ƙara mini kawai shi ne in riƙa ba ta ruwa.

Sunanta na kimiyya Cestrum nocturnum, asalinta Meziko da Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karibiyan. A Indiya raat ki rani suke ce mata, wato sarauniyar dare, sunan da muke kiranta da shi a gidanmu ke nan. Danginta ɗaya da tumatir da gauta da barkono da taba, har da zaƙami. Da na san wannan zumunci nata da zaƙami tun ranar farko, da na yi tunani sosai kafin in zaɓa mata wuri.

Farkon damina na dasa ta. Na haƙa rami mai faɗi, na gauraya ƙasar wurin da yashi da tsohon kashin awaki, don tana son danshi amma saiwarta ba ta jure kwanciyar ruwa. Wajen girma ba ta ba ni wahala ko kaɗan ba. Kafin ruwa ya ɗauke ta kai ƙirjina, a shekara ta biyu kuwa ta leƙa bayan katanga. Idan aka ƙyale ta tana iya kai mita 4. Rassanta dogaye ne masu laushi, suna lanƙwasowa, sai da na kafa mata sanda na ɗaure.

Furen shi ne komai nata. Da rana ba abin kallo ba ne: 'yan sirara ne kamar tsinken ashana, tsayin santimita 2 ko ɗan fiye, fari mai sirkin kore, sun yi cincirindo a ƙarshen reshe, bakinsu a tsuke. Ko ka kai hancinka ba za ka ji komai ba. Ranar da na fara ganin buɗewarsu na dawo daga sallar magariba ne, na haska da fitilar waya, sai ga bakin kowane ɗaya ya buɗe gida biyar kamar ɗan tauraro, faɗa-wuta suna ta shawagi a kai. Su ne take kira da wannan ƙamshi, su ke yi mata barbara cikin dare. Na daɗe a tsaye a wurin har aka leƙo ana nemana abinci ya huce. Furen yakan yi kamar mako guda yana ba da ƙamshi, ya zube, ta huta, bayan wasu makonni ta sake. A kan sabon toho take yin fure, shi ya sa duk lokacin da ta gama nakan datse rassan, kuma hakan ya fi kowane taki sa ta cika.

Kuskurena shi ne wurin da na sa ta. Ƙarƙashin tagar ɗakin Hajiyarmu na dasa, ina ganin na yi mata gata. Hajiya kuwa tana da ciwon fuka. A dare na uku da furen ya buɗe ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, wannan itacen naka yana toshe mini ƙirji, ban runtsa ba jiya." Maman yara ma ta ce ita kanta ke sara mata. Ƙamshin da yake da daɗi daga nesa, a kusa nauyi gare shi, balle a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Na ji zafin abin ƙwarai, don mai sayarwar ya san ƙarfin ƙamshinta kuma bai ce mini uffan ba, ni ma ban tambaya ba. Daren nan na yanke duk furen da ke kanta.

Abin da ya cece ni shi ne saurin kamawarta. Na yanki rassa masu ɗan ƙwari, tsawon taƙi guda, na zage ganyen ƙasa, na tsoma a gorar ruwa a inuwa, ina canja ruwan bayan kwana biyu. Cikin mako uku fararen saiwoyi suka fito. Na dasa ɗaya can bakin ƙofar gida, na tone tsohuwar.

Sai maganar 'ya'yanta, wadda ta fi damuna. Bayan fure ya zube takan yi 'ya'ya farare tas kamar duwatsun carbi, irin abin da yaro zai tsinka ya kai baki. Suna da guba, ganyen ma haka, ga mutum da dabba. Mai awaki a tsakar gida kada ya kawo ta sai in zai killace. Ni ba na barin su nuna, da sun fara fitowa nake cire zangarniyar. Tsuntsaye ma na ɗaukar irin su yaɗa, abin da ya sa a Ostiraliya da Niyu Zilan ta bazu cikin daji har ana ɗaukarta muguwar ciyawa.

Hunturu ne lokacin wahalarta a nan. Ƙura ta rufe ganye, gefensa ya ƙone, wasu su zube, ga wasu mitsi-mitsin ƙwari masu saƙa kamar gizo-gizo a bayan ganyen. Nakan wanke ta da ruwa da yamma, in fesa jiƙon ganyen darbejiya da ɗan sabulu, in rufe gindin da busasshiyar ciyawa. A zafin Maris da Afrilu kullum sai ta sha, in ta tsallake rana ɗaya za ka same ta ta yi laushi da azahar. Wanda yake sayen ruwa wajen mai garuwa ya sa wannan a lissafi.

Maƙwabta sun yi ta ce mini tana kiran maciji. Ni dai a shekara biyu ban ga ko ɗaya ba. Abin da na lura shi ne idan aka bari gindinta ya yi duhu, ƙwari da kwaɗi da ƙadangaru na taruwa, kuma abincin maciji ke nan. Na aske rassan ƙasa yadda ana hango gindin daga nesa.

Zan sake sayenta, kuma ina ba mai fili shawara ya dasa, in dai zai nisanta ta da ɗakin kwana. Tawa yanzu taku ashirin ne tsakaninta da tagar Hajiya, ƙamshin yana isowa tsakar gida sama-sama, har ita ma takan sa a shimfiɗa mata tabarma a waje bayan isha'i. Akwai gora uku a bayan kicin da rassa a ciki, biyu na maƙwabcina ne, na ce masa ba zan ba shi ba sai ya gama gyara turken awakinsa.