Irin tumatir: na musaya, na fakiti, ko dashe? Abin dubawa kafin ka zaɓa

Ƙwayar irin tumatir ba ta nuna abin da ke cikinta. Mai kyau da marar kyau duk kamarsu ɗaya: 'yar ƙarama, shimfiɗaɗɗiya, mai gashi-gashi, kusan guda 300 a giram ɗaya. Sai an sha wahalar reno da dashe da ban ruwa na wata uku sannan halinta yake bayyana, lokacin kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe. Don haka tambayoyin da za ka yi kafin ka karɓi iri su ne jarinka.

Hanyoyin samun iri huɗu ne: musaya da 'yan'uwa masu lambu, sayen fakitin tsayayyen iri, sayen fakitin irin da aka yi wa aure, wanda ake rubuta F1 a jikinsa, da sayen dashe da aka riga aka rena. Akwai ta biyar, wato a matse tumatir ɗin da aka sayo don ci a shanya ƙwayarsa. Wannan caca ce. Yawancin tumatir ɗin da manyan gonaki suke fitarwa F1 ne, kuma ana tsinke shi bai gama nuna ba, ba suna, ba tarihi.

Tambayar farko: zai maimaita kansa?

Furen tumatir yana ɗauke da namiji da mace a wuri ɗaya, macen tana ɓoye a cikin wani ɗan kwaroro da mazan suka kewaye ta da shi. Iska ko girgizar ƙwaro ta isa garin fure ya zuba a kanta. Saboda haka tumatir kansa yake yi wa barbara, kuma iri da ya daɗe ana shuka shi a haka yana tsayawa a kan kamanni ɗaya: abin da ka shuka bana, shi za ka gani baɗi. Wannan ne tsayayyen iri, kuma cikin irin da aka cire daga lambu shi kaɗai ya cancanci shiga ambulan ɗin musaya. Roma VF, Moneymaker, UC82, Stupice da Brandywine duk suna cikin wannan sahu.

F1 kuwa ɗan fari ne na iyaye biyu mabambanta da kamfani ya haɗa da hannu. Shi kansa yana da ƙarfi, 'ya'yansa girma ɗaya, sau da yawa yana jure cututtukan da tsofaffin iri ba sa jurewa. Matsalar tana kan jikoki. In ka ajiye ƙwayarsa ka shuka, halayen iyayen suna warwatsewa: wannan gindi dogo, wancan gajere, wannan ya nuna da wuri, wancan ya makara. In juriyar wata cuta daga ɓangare ɗaya kawai aka gado ta, kusan ɗaya cikin huɗu na jikokin za su fito babu ita. Kafin a sake tsayar da irin wannan zuriya sai an yi zaɓe na zango shida zuwa takwas. Early Girl da Sungold sanannu ne, kuma dukansu F1 ne; in ka gan su a ambulan ɗin musaya, tambayi mai shi ko ragowar fakitin kamfani ce ko daga lambunsa ya cire. Ta farko ba laifi. Ta biyu suna ne kawai ya rage.

Ko tsayayyen irin ma yakan gauraya jefi-jefi. An fi ganin haka a nau'o'i masu faffaɗan ganye irin na dankalin Turawa, da masu 'ya'ya ƙanana ƙwarai, da manyan furanni masu kama da tagwaye, domin a cikinsu macen takan leƙo waje, ƙwaro ya kawo mata garin maƙwabci. Tazarar mita 3 zuwa 6 tsakanin nau'i da nau'i ta wadatar ga yawancin na zamani. Wanda ya cusa nau'i goma a kwami ɗaya, sai dai in ya rufe furen da jakar siririn yadi kafin ya buɗe.

Lambar kwanakin da ke jikin fakiti

A nan mutane da yawa suke faɗawa rami. In an rubuta kwana 60, daga ranar dashe ake ƙirgawa zuwa nunar tumatir na farko. Kwanakin reno ba sa ciki. Reno yana cin mako 4 zuwa 5 a wuri mai ɗumi, mako 6 zuwa 8 a wuri mai sanyi. Ke nan iri mai kwana 60 yana bukatar aƙalla kwana 90 zuwa 95 daga shuka, kafin ma a yi maganar makonnin tsinka. Lambar kanta a gonar gwaji aka same ta. Ƙarancin rana, sanyin dare ko takin da ya sa ganye ya yi yawa suna iya ƙara mata mako biyu. Amfaninta shi ne gwada wannan nau'i da wancan. Kwana 50 zuwa 65 gajeren zango ne, 70 zuwa 80 matsakaici, sama da 80 dogo.

Masu gajeren zango ba duka ɗaya ba ne

Kafin ka nemi iri mai saurin nuna, ka san abin da yake gajarta maka zangon. Wani sanyi ne yake rufe masa ƙofa, wani zafi, wani ruwansa ne yake ƙarewa, wani kuma cuta ce take sauka a lokaci sananne. Maganinsu ba ɗaya ba ne, alhali sunayen da suka fi yawo a wajen musaya kusan duka don sanyi aka samar da su. Sub-Arctic Plenty daga Kanada ya fito, Stupice daga ƙasar Cek, Oregon Spring da Legend kuma daga Jami'ar Jihar Oregon a Amurka. Gwanintarsu ita ce ɗaure 'ya'ya a daren da sanyinsa ya sa sauran suke zubar da fure, wato in ya yi ƙasa da digiri 13 a ma'aunin Celsius. Wannan ba ya nufin za su jure zafi.

Zafi ta wata fuska yake ɓarna. In rana ta wuce digiri 32, dare kuma ya ƙi sauka ƙasa da 21 ko 22, garin furen yana mutuwa, furen ya bushe ya faɗi, gindin kuwa kore shar kamar ba abin da ya same shi. Mai fama da wannan, amfanin iri mai sauri a wurinsa shi ne ya gama ɗaure 'ya'ya kafin zafin ya kankama. Lissafin a baya-baya ake yin sa: fure yana fara buɗewa kamar mako 3 zuwa 4 bayan dashe, to ka ba shi wasu makonni uku na ɗaure 'ya'ya, ka ga dashen ya kamata ya shiga ƙasa mako bakwai kafin zafi. In hakan ba zai yiwu ba, nemi nau'in da aka ƙera don zafi, kamar Heatmaster ko Solar Fire, waɗanda F1 ne, ko ka koma ga masu ƙananan 'ya'ya, domin sun fi manya haƙuri.

Saurin nuna ma da abin da ake rasawa a kansa. 'Ya'yan yawanci ƙanana ne, ganyen bai cika yawa ba, rana takan ƙone musu kafaɗa. Wani abin lura ga mai niyyar ajiye iri: Oregon Spring da Legend suna iya ɗaure 'ya'ya ba tare da barbara ba, saboda haka 'ya'yan farko sukan zo kusan babu ƙwaya. Sai ka jira na baya-baya.

Ka kuma tambayi yadda gindin yake girma. Akwai mai tsayawa, kamar Roma VF da UC82: yana kai kimanin mita ɗaya ya daina tsawo, 'ya'yansa su nuna kusan tare cikin 'yan makonni. Ba a yi masa fiɗar rassa, in an yi an rage amfaninsa. Akwai mai miƙewa, kamar Stupice da Moneymaker: yana iya wuce mita biyu, yana son sanda da ɗauri, yana ba da 'ya'ya kaɗan-kaɗan har sai wani abu ya kashe shi. Wanda ƙofarsa take rufewa a rana sananniya, mai tsayawa ya fi masa.

Cuta: inda fakiti ya fi musaya

Gaskiya ɗaya ce, ta wannan fanni irin kamfani mai mutunci ya fi aminci, domin ana gwada shi. Haruffan da ke bayan sunan suna faɗin abin da yake jurewa: V da F cututtukan yaushi ne guda biyu da suke zaune a ƙasa, N tsutsar da take kumbura saiwa, T kuma cutar dabbare-dabbaren ganye. Juriyar N tana rauni in zafin ƙasa ya daɗe sama da digiri 28. In farin ƙuda yana kawo maka cutar nannaɗe ganye duk shekara, da wuya tsohon irin musaya ya cece ka. Nemi fakitin da aka rubuta TYLCV a jikinsa.

Wasu cututtukan a jikin ƙwayar suke tafiya. Akwai na bakteriya masu sa ɗigo-ɗigo a ganye da gyambo a kara, akwai kuma cutar bairas da ake kira ToBRFV, wadda aka fara gani a Gabas ta Tsakiya a 2014 da 2015, ta bazu zuwa nahiyoyi da dama, kuma tana karya juriyar T. Ita ce ta sa ƙasashe da yawa suka tsananta dokar shigo da irin tumatir, har sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai. Musaya ta gidan waya daga wata ƙasa, ka san dokar ƙasarka tukuna.

Ana rage haɗarin bakteriya da ruwan ɗumi. A ɗaure ƙwayar a ɗan ƙyalle, a tsoma ta minti 10 a ruwa mai digiri 37, sannan minti 25 a ruwa mai digiri 50 cif, a sanyaya minti 5 a ruwan sanyi, a shanya. Ba ma'aunin zafi, kada a fara: in ya gaza 50 cutar tana nan, in ya haura da digiri biyu ko uku irin ya dahu. Tsohon iri ba ya jure wannan wanka, haka ma wanda kamfani ya riga ya shafa wa magani mai launi. Kuma ruwan ɗumi ba ya kashe ToBRFV.

To me ya sa ake musaya?

Saboda tana ba da abin da kuɗi ba ya saye. Irin da wani ya shekara biyar yana zaɓa a yanayi irin naka, da ƙasa irin taka, ya riga ya ci jarrabawar da fakiti daga nesa bai zauna ba. Kuma nau'o'i da yawa da kamfanoni suka daina sayarwa a hannun masu lambu kawai suka rage; don haka ne aka kafa ƙungiyar Seed Savers Exchange a Amurka a 1975. Sharaɗin dai shi ne ambulan ya zo da bayani: sunan nau'i, shekarar da aka cire shi, kwana nawa ya yi a hannun mai shi daga dashe zuwa nuna, me aka shuka kusa da shi, da ko gindin ya yi ciwo. Ambulan da aka rubuta wa “ja babba” kawai, ka ba shi gindi biyu a gefe don gwaji, kada ka cika kwami da shi.

Irin tumatir da ya bushe sarai yana kai shekara 4 zuwa 6 a wuri mai sanyi marar laima. Don ka tabbatar, jera ƙwaya goma a jiƙaƙƙen ƙyalle, ka naɗe, ka ajiye a wuri mai digiri 24 zuwa 28. Cikin kwana 5 zuwa 10, in takwas sun tsiro iri ne mai kyau. Biyar zuwa bakwai, ka ninka abin da za ka shuka. Ƙasa da haka, nemi wani. Tunda ambulan ɗin musaya bai cika wuce ƙwaya 10 zuwa 20 ba, kada ka zubar da waɗanda suka tsiro. Ɗauke su a hankali tun saiwar tana gajeriya, ka binne su zurfin rabin santimita.

Musaya ba da hannu ɗaya ake yin ta ba, kai ma sai ka kawo naka. Zaɓi 'ya'yan da suka nuna lugub daga gindi biyar ko fiye masu lafiya, in sauri kake nema kuma daga waɗanda suka riga saura nuna. Matse ƙwayar da ruwanta a kwalba, ka bar ta ta yi tsami kwana 2 zuwa 4, a wuri mai zafi kwana 1 zuwa 2. Tsamin ne yake narkar da yauƙin da ke hana ƙwayar tsiro. In ta wuce lokaci, a cikin kwalbar za ta fara tsirowa. Ƙara ruwa ka motsa: mai kyau tana nutsewa, fanko da funfuna su taso ka tsiyaye. Wanke a rariya, ka baza a faranti a inuwa mai iska, mako ɗaya zuwa biyu. Kada ka ƙulle ta a leda da sauran danshi.

Dashe, da yadda za a raba

Dashe yana sayo maka wata guda, shi ke nan falalarsa, kuma ga wanda ya makara ba ƙaramar falala ba ce. Amma yana zuwa da ƙasar wani. Zare guda ɗaya ka duba saiwar: fara ce, ko tana da ƙulle-ƙulle? Juya ganyen ka nemi farin ƙuda. Mai kyau gajere ne, santimita 12 zuwa 15, kakkaura, da ganye 4 zuwa 6, bai fara fure ba.

Mai noman sayarwa da ke bukatar 'ya'ya girma ɗaya, ko wanda cuta ta zauna a gonarsa, F1 mai haruffan da suka dace da matsalarsa ya fi masa, ya kuma san duk zango sai ya sake saye. Mai ƙaramin lambu kuwa, shawarata ita ce ya raba: in gindi ashirin ne, goma sha biyu na tsayayyen irin da ya san tarihinsa, biyar na F1 don kariya, uku na sabon abin da ya karɓo a musaya. Waɗannan ukun a rena su a mazubi dabam, a dasa su a ƙarshen kwami, a riƙa taɓa su bayan an gama da sauran, sannan a wanke hannu da wuƙa da sabulu.