Cinikin biri a sama: kwana biyar a bakin Kogin Mara

Saƙon da ya sa na tura kuɗi bai wuce layi ɗaya ba. Na tambayi wani kamfanin yawon buɗe ido da ke Arusha, a Tanzaniya, ko idan muka zo a mako na biyu na watan Yuli za mu ga garken dabbobin dawa masu ƙaura suna ƙetare Kogin Mara, aka amsa mini cewa wannan tabbas ne, in kwantar da hankalina. Yanzu da na je na dawo, na san wanda ya rubuta amsar nan ko dai bai taɓa zama a bakin kogin ba, ko kuma ya san gaskiya ya haɗiye ta. Cinikin biri a sama muka yi ni da shi. Allah ne kawai ya sa birin ya sauko a rana ta ƙarshe.

Ba zan kama sunan kamfanin ba, don ba tozarta su na zo yi ba, kuma a yawancin abubuwa sun fita kunyata. Kalmar "tabbas" ɗin nan ce kaɗai har yau take tsaya mini a wuya.

Dabbar da ake zuwa kallo, masu magana da Suwahili suna ce mata nyumbu. Babu ita a dazuzzukanmu, shi ya sa ba mu raɗa mata suna ba, amma 'yar uwar kanki ce. Uwargida da ta fara ganin ɗaya kusa da mota sai ta kwashe da dariya, ta ce, "Alhaji, wannan ai gemun bunsuru aka liƙa wa sa, aka ara masa wutsiyar doki." Ba kyakkyawa ba ce, gaskiya. Yawanta ne abin kallo. Ana ƙiyasta sun haura miliyan ɗaya, ga jakunan dawa da bareyi dubbai suna tafiya tare da su, suna zagaye tsakanin gandun dajin Serengeti na Tanzaniya da Masai Mara na Kenya, shekara fita shekara shiga.

Duk wanda ya tashi kusa da rugar Fulani ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ba kalanda ke tayar da garke ba, ciyawa ce da ruwa. Daga Disamba zuwa Maris suna can kudu, wajen Ndutu, a filayen gajeriyar ciyawa da tokar dutsen Ol Doinyo Lengai mai aman wuta ta ƙosar da ƙasarsu. A can suke haihuwa, galibi cikin Fabrairu. Idan babbar daminarsu ta Maris zuwa Mayu ta ɗauke, filayen suka bushe, sai su nausa yamma wajen Kogin Grumeti, daga nan su hau arewa inda Kogin Mara yake da ruwa ko da rani. Tsakanin Yuli da Oktoba suna gefensa. Ƙaramar damina ta sauka wajen Nuwamba, su juya kudu. Haka yake a takarda. A ƙasa kuwa, idan ruwa ya yi jinkirin ɗaukewa a yamma, me zai sa dabba ta bar ciyawa ɗanya don wani Bakano ya sayi tikitin jirgi?

Abin da ya same mu ke nan.

Amma kafin a kai ga dabbobi, mai fasfo ɗin Najeriya ya sani cewa lissafin lokacinsa daga biza yake farawa. Tanzaniya ba ta ba mu biza a filin jirgi kamar yadda take ba wasu ƙasashe. Muna cikin waɗanda sai an aika takardunsu an tantance tukuna, kuma hakan yana iya cin makonni. Na nema tun Afrilu, ta fito bayan kamar mako biyar. A nan kamfanin ya kyauta, don sun turo wasiƙar gayyata da tsarin tafiya ba tare da na yi ta bin su ba. Sai katin rigakafin ciwon shawara, wanda aka duba mana da muka sauka. Daga Kano muka bi ta Addis Ababa zuwa filin jirgin Kilimanjaro, muka kwana a Arusha, washegari ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum goma sha wani abu ya ajiye mu a Kogatende, a arewacin Serengeti. Kilo 15 kawai aka yarda kowa ya ɗauka, kuma a jaka mai laushi, ba akwati ba. An faɗa mana tun da wuri. Uwargida ta ɗauka wasa ne sai da ta bar rabin kayanta a otal.

Tsarin da suka fara turo mini ya raba kwanakinmu gida uku: biyu a Seronera da ke tsakiyar gandun, ɗaya a ramin Ngorongoro (tsohon bakin dutse mai aman wuta da ke cike da namun daji), biyu a arewa. Wani abokina da ya taɓa zuwa ne ya ce mini in har ƙetarewar nake so, in tattara duka kwanakin in zube su a wuri ɗaya. Na bi shawararsa ina gunaguni, don ina ganin na yi asarar Ngorongoro. Da na bi tsarin kamfanin, da wataƙila a ranakun da babu komai za mu zo mu tafi.

Sansanin irin wanda ake tuɓe shi ne a bi garke da shi, tantuna takwas da babban tanti na cin abinci. Kada kalmar tanti ta ruɗe ka: akwai gado na sosai, da bargo, da banɗaki a ciki. Ruwan wanka kuwa a bokiti ake ɗora shi sama, ka faɗa a dafa maka, ka yi sauri kafin ya ƙare. Sanyin asuba ya ba ni mamaki. Na ɗauka tunda kusa da tsakiyar duniya ne zafi zan tarar, ashe wurin tudu ne, sanyinsa kamar na Jos a tsakiyar hunturu. Mai dafa abincin Musulmi ne daga bakin teku, ya nuna mini inda suke sayo nama, ya kuma nuna mana alƙibla, hankalina ya kwanta. Da dare ba a fita daga tanti sai an haska tocila mai gadi ya zo rakiya. Daren farko na ɗauka tsirfa ce, har sai da na ji dorina tana cizgar ciyawa a bayan kaina.

Kwana biyu na farko babu nyumbu sai ɗaiɗaiku. Mun ga giwaye, da raƙuman dawa, da zakuna biyu suna barci a kan dutse kamar waɗanda aka biya albashi, da damisa guda da ta rataye abincinta a reshe. Duk wanda ya ga waɗannan bai isa ya ce ya yi asara ba. Amma ni zuciyata tana kan kogi, kogin kuwa shiru, sai kadoji a kwance a kan yashi baki buɗe. Na tambayi direbanmu ina miliyan ɗin da aka ce. Ya nuna kudu maso yamma da haɓa, ya ce ruwa bai ɗauke musu da wuri ba bana, suna hanya.

Direban nan shi ne ainihin abin da na saya, ko da yake ban sani ba sai daga baya. Dattijo ne mai ƙarancin magana, ya shekara da yawa a dajin. Da Turanci muke magana, amma kullum sai mun tsinci kalmar da Larabci ya raba mana: su ce asubuhi mu ce asuba, su ce Alhamisi mu ce Alhamis, ita kanta safari ɗin 'yar uwar safara ce. Wadda ta fi ba mu dariya ita ce dakika. A wajensu minti ne. Idan ya ce "dakika tano, Alhaji", wato minti biyar, sai uwargida ta ce daƙiƙa biyar ɗinsa ta fi awa. Wata rana da yamma ya ba ni labarin da ban zata zan ji a can ba, labarin ciwon bushiya. Annobar da ta share shanu a gabashin Afirka a shekarun 1890, ita ce dai ta ratso har ƙasarmu ta talauta Fulani. Ta daɗe tana danne nyumbu, har a farkon shekarun 1960 ba su wuce kamar 250,000 ba. Da aka yi wa shanun da ke kewaye da gandun allurar rigakafi, cutar ta bar namun daji, kafin ƙarshen shekarun 1970 sun haura miliyan. A 2011 aka sanar an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya. Wato allurar da aka yi wa saniyar makiyayi ce ta haifar da abin da muka biya dala muka zo kallo.

Rana ta uku da asuba kunne ya riga ido. Wani gurnani ne ƙasa-ƙasa, kamar kwaɗi a fadama bayan ruwan farko, sai dai ba ya yankewa. Da gari ya waye, tudun da jiya babu kowa a kansa ya yi baƙi ƙirin. Layi-layi suke zuwa, kai a sunkuye, ƙura na bin su.

Rana ta huɗu ce ta koya mini abin da kamfanin ya kamata ya faɗa mini tun farko. Tun ƙarfe bakwai suka taru a gaɓa. Direba ya ja mota baya, ya ɓoye ta a gindin wata bishiya nesa da mashigin, ya kashe inji. Ya ce idan suka ga mota a bakin ruwa ba za su sauka ba. Muka zauna. Su matso har bakin gangare, na gaba ya leƙa, ya sunsuna, ya ja da baya. Su koma. Su sake taruwa. Awa biyar muna haka, ƙudan tsando na cin rabonsa, ni da na sa shuɗiyar riga duk da an gargaɗe ni cewa shuɗi da baƙi ne ke jawo shi. Ba a sauka daga mota sai a wuraren da aka keɓe, don haka shayin safe ma sai da na yi nadamar shan kofi biyu. Wajen azahar wani jakin dawa ya juya, kawai sai duk garken ya bi shi suka koma cikin daji. Ko ɗaya bai taɓa ruwa ba. Uwargida ba ta ce komai ba a hanyar komawa, wanda ya fi magana ciwo.

Rana ta biyar jirginmu ƙarfe uku ne. Na riga na sallama. Wajen goma da rabi oba-obar motar ta ɗauki surutu da Suwahili, direba ya ce mu riƙe da kyau. Ban san dattijon nan yana da gudu haka ba.

Ɗaya ce ta fara faɗawa. Ban ga abin da ya bambanta ta da sauran ba. Kafin ta kai tsakiya, gangaren gaba ɗaya ya zubo, suna dirowa daga tsayin da ya fi katangar gida, wasu a kan wasu, ruwan ya koma ruwan kunu. Ƙara kuwa ba a jin maganar na kusa. A ɗaya gaɓar duwatsu ne masu santsi, nan ne abin tausayin yake, don na gaba na zamewa na baya na tako shi. Kada ya kama wani ɗan maraƙi, ba wani kokawa, ya nutsar da shi kawai kamar an ja zare. Wata uwa da ta riga ta haye ta juyo tana kuka, ta sake faɗawa ruwan ta koma inda ta fito. Uwargida ta ajiye wayarta tana ta salati. Minti ashirin da wani abu, sai na bayan suka tsaya cak kamar an rufe ƙofa, rabi a can rabi a nan. A ƙasan mashigin ungulaye da borin tinke sun riga sun jeru. Direba ya ce waɗanda ruwa da turmutsutsu ke kashewa sun fi waɗanda kada ke ci nesa ba kusa ba, dubbai ne duk shekara. Ya kuma ce waɗannan da suka haye, ba mamaki jibi su sake hayowa, don ba sau ɗaya ake ƙetarewar ba, kai da kawowa suke yi har Oktoba, duk inda hadari ya haɗu nan suke fuskanta.

Abin da ya ɓata mini rai a wurin ba na kamfaninmu ba ne. Motoci sun fi talatin, kuma wasu direbobin sun kutsa har bakin inda dabbobin ke fitowa don baƙinsu su sami hoto. Namu ya ƙi, ko da na ɗan matsa masa. A lokacin na ji haushi. Da na ga yadda wasu nyumbu suka fito suka tarar da ƙarfe a gabansu suka koma ruwa, kunya ta kama ni.

Kuɗi kam ba na wasa ba ne, kuma ba zan juya shi zuwa naira ba don kafin ka gama karantawa lissafin ya canza. Yuli zuwa Oktoba ne lokacin da komai ya fi tsada. Kuɗin shiga gandun kaɗai, kowane mutum kowace rana, ya kai dala 70 kafin haraji, ban da na kwana a ciki. A ɓangaren Kenya ma ya fi: tun 2024 Masai Mara dala 200 ne a rana daga Yuli zuwa Disamba. Kada kuma wani ya ce maka za ka bi garken ka tsallaka iyaka a cikin daji. Dabba ce ke da wannan gatan, kai sai ka zagaya ta kan iyakar Sirari da Isebania. Kamfaninmu bai ɓoye ko sisi ba, abin da suka rubuta shi na biya, sai ihsanin da muka yi wa direba da ma'aikatan sansani.

Zan sake tafiya da su? Zan sake, in dai da direban nan ne, kuma na rubuta musu cewa su cire kalmar "tabbas" daga bakinsu. Mai son kogi, da ni ne shi, ƙarshen Agusta ko cikin Satumba zan zaɓa, lokacin da garken ya riga ya zauna a arewa, in kuma ba wurin kwana huɗu ko biyar ba tare da yawo ba. Farkon Yuli caca ce.

Uwargida kuwa ta ce ita ta gama da kogi, abin da ta gani na uwar nan ya ishe ta. Ndutu take so a Fabrairu, inda direba ya ce mata ɗan nyumbu yana miƙewa da ƙafafunsa 'yan mintoci bayan an haife shi. Na ce mata can ma kuraye da zakuna suna nan suna jira. Ta ce ta ji, in dai fara neman biza tun Nuwamba.