Wata uku da 'yar na'urar ƙirga taku a aljihuna

Jama'a ga sharhina kan 'yar na'urar nan ta ƙirga taku, tunda mutane da yawa sun tambaye ni ko tana da amfani. Ni tela ne a Sakkwato, daga safe har magariba ina bisa keken ɗinki. Da aka auna ni aka ce jinina ya fara hawa, likita ya ce lallai in riƙa tafiya da ƙafa, ni ko na ce mai ai kullum cikin zirga-zirga nake. Ƙanena ne ya kawo min ita, 'yar ƙarama ce ba ta kai akwatin ashana ba, batirin agogo take ci irin mai faɗin nan CR2032, kuma har yau ban canza shi ba.

Ranar farko na sa ta aljihu na manta da ita, da dare na duba sai na ga 2,300. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ashe zirga-zirgar duk bisa kabu-kabu nake yin ta, daga Mabera zuwa shago kabu-kabu, zuwa babbar kasuwa sayen zare kabu-kabu, ko aike ne yaro nake turawa. Wannan lambar ita ta fara gyara ni, ba maganar likita ba.

Abin da ya sa na fi son ta bisa waya, ita waya rabin yini tana wurin caji saboda matsalar wuta, ko tana bisa tebur ina aiki, to duk takun da na yi lokacin ya tafi a banza. Wagga ko ba caji ba data, sha biyun dare ta koma sifiri da kanta, kuma tana riƙe lissafin kwana 7, ranar Juma'a sai in zauna in duba satin gaba ɗaya. Lambobinta manya ne, ko cikin rana tsaka ana gani.

Amma tana da aibu kuma ba zan ɓoye ba. In ka hau kabu-kabu bisa hanya mai gargada ƙirgawa take kamar kai ke tafiya, akwai ranar da ta ƙara min kusan 600 ina zaune bayan mashin. Haka keken ɗinki na ƙafa, in tana aljihun wando duk motsin ƙafar nan taku take ɗaukar shi, sai da na gane na koma aje ta aljihun gaba na riga in ina aiki. Sannan in ka yi taku biyar shida cikin shago ba ta kula su, sai tafiyar ta ɗan miƙe take fara lissafi. Takardar bayaninta ma da Turanci ce da ƙananan rubutu, saita tsawon taku ya ba mu wuya, sai da munka auna da tef ɗin awo, taku 10 ya ba ni mita 7, wato santimita 70 kowane.

Maganar taku 10,000 a rana da kowa ke faɗi, wannan lambar daga Japan ta fito, wani kamfani Yamasa ne ya fitar da na'urarsa a 1965 da suna mai ma'anar ma'aunin taku dubu goma, daga nan ta bi duniya. Da irin takuna kilomita 7 ke nan, kuma duk wanda ya san zafin Sakkwato a Afrilu da Mayu, lokacin da yake wuce digiri 40, ya san ba kowa zai iya wannan kullum ba. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi aƙalla minti 150 a sati na motsa jiki matsakaici, ni da wannan nake aiki, minti 30 sau biyar.

Yanzu bayan asuba nake fita kafin rana ta ɗaga, ga iska mai daɗi ga hanya ba cunkoso. La'asar da isha'i na koma yin su a masallacin da ya fi nisa da mu, dama malamai sun sha faɗa mana kowane taku zuwa masallaci lada ne, to ga lada ga lafiya. Ina samun 6,500 zuwa 7,000 yawancin kwanaki, ranar da na taka har Hubbaren Shehu na dawo ne kawai na haura 11,000, kuma gaskiya ƙafafuna sun ji a jikinsu kwana biyu.

Magani dai ina sha yadda aka rubuta min, ban bari ba, kada wani ya ɗauka na'ura na maye gurbinsa. Barci ne na ga ya gyaru sosai, ciwon bayan zaman keke ma ya ragu. Maiɗakina ta ce ita ma a sawo mata tata, tana son ta ga nawa take yi tsakanin madafa da tsakar gida, na ce in sha Allahu in an biya kuɗin ɗinkin wannan satin.