Wainar Dalat da sauran abincin garin: me za ka ci, me za ka kauce wa

Duk wanda harkar kashu ta kai shi Biyetnam ya san zafin birnin Ho Chi Minh. In ka gama da masu masana'anta kuma kana da kwana biyu uku a hannu, shawarata ka hau mota ka nufi Dalat. Tafiyar kamar kilomita 300 ce, awa shida zuwa takwas, ko ka bi jirgi ka sauka a filin Lien Khuong. Garin yana kan tudu mai tsayin mita 1,500, wato ya ɗara Jos, kuma sanyinsa ne ya sa Faransawa suka mai da shi wurin hutawa bayan likita Alexandre Yersin ya isa can a 1893. A watan Disamba da Janairu sai ka sa rigar sanyi da daddare. Shi ya sa kusan duk abincin da garin ya yi suna da shi abinci ne da ake ci da zafinsa, a gefen garwashi.

Ba zan ɓoye ba, ni banh can ne nawa. Ranar da na fara ganinsa da sassafe, cikin hazo, a wani lungu da ke gangarowa daga kasuwa, tsayawa na yi cak. Wata dattijuwa ce zaune kan 'yar kujera, gabanta tanda ta ƙasa a kan gawayi, tana zuba ƙullun shinkafa daga buta cikin ramukan. Waina ce fa, waina sak. Bambancin kawai kowane rami yana da ɗan murfinsa na yumɓu, kuma ba ta zuba mai ko ɗigo. Sai ta fasa ƙwan salwa a kan kowace ɗaya, ta rufe, ta jira, ta buɗe ta sa wani siririn ƙarfe ta ɓamɓaro. Gindin ya yi ƙanzo mai ƙaras-ƙaras, saman kuma yana nan da laushi yana tururi. Bibbiyu take kifa su, ɗaya a kan ɗaya, ta miƙo maka a faranti. Ƙullun ma irin namu ake yi: a jiƙa shinkafa a niƙa, da yawa kuma suna haɗawa da ɗan dafaffiyar shinkafa don ta yi taushi. Tsamin yis ne kawai ba za ka ji ba. Tafintana, wani Musulmi ɗan ƙabilar Cham daga lardin An Giang, ya ce mini abincin ya samo asali ne daga mutanensu na bakin teku wajen Phan Rang, daga can ya hauro tudu. Ya faɗi haka da alfahari, ni kuma na yarda da shi, domin tandar kanta irin ginin tukwanen wancan yankin ce.

Ba a cin ta gaya. Ana ba ka kwano na romon tsomawa mai ɗumi, wanda aka haɗa da ruwan kifin nan nasu, nuoc mam, da lawashi da barkono, wani lokaci da ɗanyen mangwaro da aka goga siri-siri. Akwai wani romon mai ƙarfi, mam nem, wanda warinsa zai tuna maka daddawa. Ka tsoma wainar gaba ɗaya ta sha, ka kai baki tun tana ƙona yatsa. Ban ci wani abu a ƙasar nan da ya kwantar mini da kewar gida kamarsa ba.

To amma a nan ne kuma aka ƙona ni, kuma dalilin wannan rubutu ke nan. A zuwana na farko ni kaɗai na fita. Na ga shinkafa, na ga ƙwai, na ce ai babu matsala. Sai da na kusa cinye faranti na ga wasu dunƙule-dunƙulen nama guda biyu a ƙasan romon. Da na nuna wa tafinta hoton da yamma, sai ya dafe kai ya ce, "Haji, wannan xiu mai ne, alade ne." Kwana na yi ban runtsa ba, zuciyata na tashi, ina ta istigfari. Matar ba ta cuce ni ba, haka kowa ke ci a garin, kuma ban tambaya ba. Tun daga ranar ma'aunina na abinci a Dalat ya zama ɗaya: shin zan iya ganin duk abin da ke shiga cikinsa da idona?

Banh can ya ci wannan jarrabawa in ka san yadda ake saye. Ka ce na ƙwai kake so, ko na jatan lande. Ka ce a zuba maka nuoc mam daga kwalba, ba daga tukunyar da naman ke ciki ba, domin tsame naman kawai ba ya tsarkake romo. Sannan ka tambayi man da aka soya lawashin da shi, saboda wasu da kitsen alade suke yi, har da ɓarɓashin soyayyen kitse a ciki. Ka rubuta kalmomi uku a wayarka: "thit heo" naman alade, "mo heo" kitsensa, "khong" kuma a'a. Ka nuna rubutun, kada ka dogara da lafazinka, harshen mai karin sauti ne kamar namu kuma kuskure kaɗan yana canza ma'ana.

Na biyu a wurina shi ne lau ga la e, farfesun kaza da ake kawo maka a tukunya tana tafasa a tsakiyar tebur. Sirrinsa ganyen da suke kira la e, ɗan uwan ɗoɗɗoyarmu ne mai ƙamshin lemun tsami, ana kirɓa shi da ɗanyen barkono a zuba cikin romon, a ƙara tohon gora da naman kaza, a ci da taliyar shinkafa. A daren sanyi yana sa mutum gumi. Matsalarsa yanka. Mu abin da muka yi, kaza mai rai muka saya, tafinta ya yanka da bisimilla, matar mai masaukinmu ta dafa mana a tukunya wankakkiya. In ba za ka samu haka ba, ka haƙura. Kuma ka sani, duk gidan abincin da ya yi suna da wannan farfesu za ka tarar da shaguna barkatai sun kwaikwayi sunansa a allo, wani ma a layi ɗaya.

Banh trang nuong, faifan shinkafar nan da ake gasawa a kasuwar dare a bakin tafkin Xuan Huong, ya fi kyau a hoto fiye da a baki, kuma yawanci cike yake da tsiran alade. Banh mi xiu mai da nem nuong alade ne zalla, wuce kawai. Farfesun naman sa na unguwar Ba Toa shi ma maganar yanka ce. Abin da zan ce ka sha ba tare da fargaba ba shi ne madarar waken suya mai zafi da ake sayarwa da daddare, da kem bo, wato niƙaƙƙiyar fiya da askirim na kwakwa a kai. In kuma ka gaji da tambaye-tambaye, nemi shago mai rubutun "chay". Abincin mabiya addinin Budda ne marar nama, kuma Dalat gari ne na kayan lambu, don haka ba za ka tashi da yunwa ba.

Saura tsaraba, inda ake yi wa baƙo yankan ƙauna. Akwai 'yan kamasho a kan babura, mutanen gari na kiransu "co", da za su bi motarka su ce za su kai ka gonar sitiroberi ka tsinka da hannunka a farashi mai sauƙi. Ƙarshenta shagon kayan zaƙi za su dire ka, a cika maka gaba da ɗanɗano, a ce sai ka saya tukuna za a nuna maka gonar, gonar kuma ko babu ita ko ba ta da 'ya'ya. Wani direban tasi ma yana da nasa kason. Kada ka bi kowa. Jaridun ƙasar sun sha ba da labarin dankalin Turawa da ake shigowa da shi daga Sin a shafa masa jar ƙasar Dalat a sayar a matsayin na gida, kuma irin wannan zargi yana kan sitiroberi da busassun 'ya'yan itatuwa masu launi kamar an rina. Duk abin da aka zuba a buɗaɗɗen buhu, babu sunan mai yi babu kwanan wata, bar shi.

Gahawar da ake cewa ta fito daga cikin tunkun juda, wadda ake tsawwala wa kuɗi, mafi yawan ta kasuwa ƙamshi ne aka fesa, ta gaskiyar kuma dabbobi ne a keji cikin wahala. Ka sayi gahawar Arabika ta Cau Dat, wani yanki da ke kusa da Dalat, ƙwaya ba gari ba, a niƙa a gabanka, domin garin gahawa ana iya cakuɗa shi da soyayyar masara ko waken suya. Shayin atiso na gaske, wanda garin ya shahara da shi, daga wani tsiro mai kama da ƙaton furen ƙaya ake yin sa. Amma wata mai shago ta taɓa ɗauko mini leda ta ce ga "jan atiso" mai tsada mai maganin hanta. Da na buɗe na sansana, zoɓo ne, irin wanda ake loda wa tirela a Maigatari.

Tsarabar da ta cancanci kuɗinka ita ce hong treo gio, 'ya'yan itace dangin kanya amma manya, waɗanda ake fere wa a rataye da zare su sha iska na wasu makonni, dabarar da manoman yankin suka koya daga Japan. Lokacinsu daga wajen Satumba zuwa ƙarshen shekara ne. Ka ce a yaga maka ɗaya kafin ka biya. Na kirki bayansa a bushe yake, cikinsa kuma yana naso kamar zuma, ka ga alamar zaren a hancinsa. In ya yi tauri har ciki, ko ya yi fale-fale kamar an danne shi, na inji ne, kada ka biya kuɗin na rataye. In ka iso gida ka sa shi a firji, zafinmu yana sa shi fumfuna cikin 'yan kwanaki.