Rigar ruwan da na saya wa Duna

Gonar shinkafarmu tana ƙetaren gulbin Rima, can bayan Kwalkwalawa, kuma idan ruwa ya cika a Agusta da Satumba babu hanya sai kwale-kwale. Duna, karen da ke gadin bukkar gonar, tare muke tafiya. Bara, ana cikin sakin ruwan dam ɗin Goronyo, na yi wautar da har yau nake jin kunyarta: na ɗaure shi da igiya a katakon jirgi don kada ya taɓa tufafin mutane. Muna tsakiyar gulbi ya hango wani abu ya daka tsalle. Igiyar ta shaƙe shi a gefen jirgi, ruwa na jansa ƙarƙashi. Ba don Baba mai fito ya zaro wuƙa ya yanke ta ba, da sai labari.

Shi ya sa bana na nemi rigar hana nutsewa ta karnuka. A Facebook na ga wani mai sayarwa daga Legas, ya aiko ta tashar mota. Ta farko ta yi wa Duna yawa, yana girgiza jiki ta juye masa zuwa ciki. Laifin rabi nawa ne, don nauyinsa kawai na faɗa, alhali zagayen ƙirji ake aunawa, daidai bayan ƙafafun gaba. Karnukanmu na gida ƙirji gare su da ɗan siririn ƙugu, ba kamar na turawan da ke hoton tallar ba. Canjin ya ci mako 3, kuɗin mota kuma daga aljihuna.

Ranar da na fara sa masa, Baba ya daɗe yana dariya. "Kai yaro, wanga kare ya fi ka iya iyo!" Na ce, "Gaskiya ne Baba, amma ya fi ni saurin gajiya." Kare yana iyo, babu musu. Sai dai ruwan damina ba tafkin Kware ba ne, gudu yake, kuma karen da ya gaji bayansa ne ke fara nutsewa.

Abin da ya biya ni kuɗina shi ne mariƙin da ke bayan rigar. Duk wanda ya taɓa ciro jiƙaƙƙen kare daga ruwa ya san yadda yake zamewa, yana yaƙushi, jirgi na tangaɗi, mata na salati. Yanzu hannu ɗaya nake sawa in ɗago shi kamar bokiti. Na gwada sau da yawa a bakin gaɓa kafin in yarda da ɗinkin, bai ko motsa ba. Akwai kuma ɗan soso ƙarƙashin haɓa da ke riƙe hancinsa sama, launin ruwan lemo ne mai haske, ko da magariba ina hango shi a cikin jan ruwa.

Aibinta biyu. Wanda ya ƙera ta bai san ƙarangiya ba. Maɗaurin ciki irin mai mannewa ne, tafiya ɗaya a gona ya cika da ƙaya ya daina kamawa, sai da na kai wa baduku a Tsohuwar Kasuwa ya sa mata maɗauri na ƙarfe. Sannan zafi. Kare da haki yake huce jikinsa, soson nan kuwa riƙe zafi yake, don haka muna taka gaɓa nake cire ta. A bazarar Sakkwato da ake wuce digiri 40, ba zan ma ɗauko ta ba.

Igiya kuwa yanzu a hannuna take, ba a jikin jirgi ba, kuma a zoben rigar nake maƙala ta maimakon wuya. Makon jiya Baba ya dube ni, ya dubi Duna, ya ce, "To, shi ga tashi. Kai ina taka?" Na nuna masa, tana ƙarƙashin buhun taki ina zaune a kanta. Ya kafe gora a ƙasa ya ce ba inda za mu sai na saka.