Lasisi ko ci gaba da kwaikwayo: amsa ga Alhaji mai ƙera injin ɓarzar masara

Alhaji, ka ce masu haƙƙin ƙirar injin da kake kwaikwaya sun aiko maka da wasiƙar lauya, kana tambaya ko ka biya lasisi, wato izinin ƙerawa, ko ka ci gaba da kwaikwayo. Amsata: ka biya lasisin. Abokin kasuwancinka da ke cewa manyan kamfanoni ma kwaikwayo suke yi, in an kama su su biya tara riba ta rage, rabin labarin ya ba ka.

Ga rabin nasa. Apple ta kai Samsung ƙara a Amurka a 2011, aka fara yanke dala biliyan ɗaya da ɗoriya a 2012, aka yi ta ɗaukaka ƙara har kuɗin ya sauko zuwa miliyan 539 a 2018, sannan suka sasanta. Duk tsawon shekarun nan Samsung tana sayar da waya, ta ma zama ta ɗaya a duniya. Ita kam lissafinta ya fita, ba na musu. Amma da aljihun da zai ciyar da lauyoyi shekara bakwai aka yi shi.

Rabin da ya ɓoye shi ne Kodak. Polaroid ta yi ƙararta a 1976 kan kyamarar da ke fitar da hoto nan take. A 1986 kotu ta fitar da Kodak daga sana'ar gaba ɗaya, injinan da aka kafa don aikin suka zama kayan kallo, a 1991 kuma ta biya dala miliyan 925. Masu wayar BlackBerry ma a 2006 sun zube miliyan 612.5 ne don ana shirin tsayar musu da aiki a Amurka. Abin da ke karya mutum umarnin a daina ƙerawa ne, tara ta biyo baya. Kai da rumfarka ɗaya a Suame Magazin, unguwar maƙera ta Kumasi, da yara masu jiran kuɗin abinci kowace safiya, in aka ce tsaya, wata nawa za ka iya? Dokarmu ta Ghana kan haƙƙin ƙira ta 2003, mai lamba 657, ta ba mai haƙƙi damar neman wannan umarni da diyya, wanda ya yi da gangan kuma laifi ne a kansa. Tunda wasiƙar lauyansu ta riga ta iso hannunka, ba sauran cewa ba ka sani ba.

Ni murhun gawayi mai tsimin wuta nake ƙerawa, da lasisi. Kason da nake biya a kan kowane murhu yana yi mini zafi, ba zan ɓoye ba, musamman in sidi ya faɗi. Amma mai ƙirar ya ba ni zanen da ma'aunin komai, ya turo injiniyansa ya zauna da yarana har suka iya haɗa yumɓun cikin yadda ba ya tsagewa. Mutumin kirki, da mu yake cin waake a bakin rumfa, in ya gyara wani abu a ƙirar kuma ni ne na farko da yake kira. Ranar da wata ƙungiya ta zo neman murhu masu yawa za ta kai Tamale, kafin maganar farashi takarda suka tambaya. Maƙwabtana da suka fi ni araha suna kallo aka loda nawa.

Kwaikwayo kuwa arha ce kawai gare shi, har ranar da ka yi girman da za a gan ka.

Sai dai kafin ka ba kowa ko pesewa, a duba ko takardarsu ta haƙƙin ƙirar tana aiki a Ghana. Wadda aka yi wa rajista a Amurka ko Caina kaɗai ba ta ɗaure ka a Kumasi ba, sai in an shigar da ita ofishin Rajistara Janar a Accra, ko ta ARIPO, hukumar rajistar haƙƙin ƙira ta wasu ƙasashen Afirka da ke Harare, an ambaci Ghana a ciki. Shekara 20 ne wa'adinta, kuma in sun daina biyan kuɗin shekara-shekara ta mutu. In ta mutu, ƙera abinka lafiya, sunansu da tambarinsu kawai za ka bari.

Ka kuma yi hattara da dillalai. Akwai masu yawo da takarda mai hatimi suna cewa su ne wakilan kamfani, su karɓi kuɗin lasisi, kamfanin bai san da zamansu ba. Haka 'yan goron nan na bakin ofisoshi da ke cewa za su "gyara" maka komai cikin kwana biyu. Ka nemi lambar rajistar, lauyanka ya tabbatar da ita, kuɗin kuma ya shiga asusun mai haƙƙin kai tsaye. In za ku zauna ciniki, ka nemi biya a kan kowane inji da ka sayar maimakon dunƙulallen kuɗi a gaba, a kuma rubuta cewa an yafe na injinan da ka riga ka sayar.