Ofishin lauyan da ya warware mana cinikin gida a Hanwa

Duk wanda ya sayi gida a Zariya yake son ya juya shi da wuri, musamman in mai sayen da kuɗin banki zai biya, ina ba shi shawara ya fara ganin lauyan filaye kafin ya kira dillali. Akwai wani ofishi a Sabon Gari wajejen PZ, hawa na biyu, su na yi aiki da su kuma wallahi na gamsu.

Gidan a Hanwa yake, ban daɗe da saye ba aka canza min wurin aiki, na riga na sa tayil na canza kwano na haƙa burtsatse, toh dole kuɗi ya ƙaru. Mai sayen ma'aikacin ABU ne, lamunin asusun gidaje na ƙasa, NHF, ya nema, wannan da ake cire wa ma'aikata kashi 2.5 na albashi, bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN, ke bayarwa ta hannun bankunan lamunin gida da ruwa kashi 6. Komai na tafiya sai bankin ya ja birki, wai sai sun sake bincike, dillali kuma yana ta zuga ni cewa baƙin ciki ne kawai.

Barista bai ɓata lokaci ba, ya ɗaga takardun ya ce "Malam, sunan waye a satifiket ɗin nan?" Sunan wanda ya sayar min ne, ni takardar ciniki kawai gare ni da sa hannun shaidu da mai unguwa. Ya ce a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978 mallaka ba ta komawa hannun wani sai da amincewar gwamna, jingina ma haka, kenan a idon banki ni ban gama zama mai gidan ba balle in sayar, kuma su gidan ne jinginarsu, in mai lamuni ya kasa biya me za su riƙe? Na biyu farashi, gida ya tashi sosai cikin 'yan watanni dole su yi zargin ko mun haɗa baki da mai saye ne mu kumbura kuɗin a karɓi lamunin da ya fi darajar gidan a raba, ana yi ai. Ya ce ko a Amurka lamunin gida da hukumar gidaje ta tarayya, FHA, ke tsaya wa ba ya hawa kan gidan da mai shi bai wuce kwana 90 da saye ba, in an sayar kafin kwana 180 kuma kuɗin ya ninka sai an sake kimantawa karo na biyu.

Abin da ya fi burge ni yadda suka tattara hujja. Sun sa na nemo rasit ɗin tayil da na kwano da takardar masu burtsatse, har hotunan gidan na da can lokacin da silin ke zuba akwai a wayar maigadi, suka buga suka jera kusa da na yanzu, suka haɗa da shaidar turawar kuɗi ta banki ta sayen farko, sannan suka kawo mai kimanta gidaje mai rajista ya yi nasa rahoton. Su suka bi maganar canjin suna a KADGIS, hukumar takardun filaye ta jihar Kaduna, ni sa hannu kawai nake da biyan kuɗin gwamnati, kowane da rasit ɗinsa.

Inda suka gaza, waya. Ka kira sau nawa ba a ɗagawa sai ka taka da ƙafarka, kuma kuɗin aikinsu akwai ɗan tsada ba sa ragi ko sisi. Aikin ya ja lokaci har mai sayen ya fara gunaguni, amma tun ranar farko sun faɗa mana ba abin sati biyu ba ne, kuma Barista da kansa ya kira shi ya kwantar masa da hankali. Bankin ya saki kuɗin bayan sunana ya hau takarda. In za ku je ku tafi da safe da duk wata takarda ta gidan, har rasit ɗin da kuke ganin ba shi da amfani.